Rijiyar da Baba Ya Zuba wa Zamzam

Ranar Lahadi da azahar ina zaune a inuwar ɗakina ina tsince shinkafa, littafina a kife bisa cinya, sai salular maigidana Mustafa ta yi ƙara. Ban ji abin da aka faɗa masa ba. Na ga dai ya cire hula ya riƙe a hannu, ya juya yana duban ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyarsa. Sannan ya ce, "Baba ya rasu a bakin rijiya." Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma.

Kafin motar da ta ɗauko gawar daga ƙauye ta iso Damagaram, maganar banza ta riga ta iso. Wata maƙwabciya ta shigo tana murza idon da babu hawaye a ciki. Ta sunkuya ta raɗa wa ta kusa da ita, irin raɗar da ake yi don kowa ya ji, wai mutanen ƙauyen suna cewa Konseye, wato Baba, ya sha abin da ya zuba. Saboda wannan magana nake rubutun nan. Da ba don ita ba, da na yi kukana a ɗaki na yi shiru.

Ba zan rubuta sunansa ba. Surukina ne, bakina bai taɓa kama sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu da yake kabari ba. Kakanninsa daga Barno suka zo, gidansu yana cikin Birni. Ƙuruciyarsa duk a wani ƙauye na wajen Hamdara ya ƙarar da ita yana koyarwa a lakwal, makarantar boko, shi ya sa mutanen can suke ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin boko a ƙasarmu. A can ya yi gonar gero da gyaɗa. Da ya ajiye alli, dattawan ƙauyen ne da ƙafarsu suka zo har zaurenmu suka roƙe shi ya tsaya musu a meriya, wato majalisar ƙaramar hukuma, don ba su da mai faɗa musu magana a can. Ya ƙi, suka koma, suka sake dawowa. Ina so a riƙe wannan: su suka roƙe shi. Daga ranar da ya amsa ya zama Konseye, wato kansila, daga ranar kuma ya shiga cikin mutanen da ake kira 'yan siyasa, da tsohon babur ɗinsa da rigarsa mai faci a aljihu.

Ni amarya ce a gidan a lokacin, mai yawan karatun littattafan soyayya. Kowa yana mini dariya a kan haka, ban da Baba. In ya je kasuwa yakan tsaya wurin mai littattafai ya ce a ba shi sabon fitowa, ya naɗe a cikin hannun riga kamar wanda ya sayo abin kunya, ya miƙa wa Inna ta ba ni. In na kawo masa abinci na durƙusa, sai ya ce, "'Yata, yau wa ya auri wa?" In rufe fuska, shi kuma ya yi ta dariya har tari ya kama shi. Wata rana Mustafa ya ce karatun nan ƙarya ce zalla, ɓata lokaci ne. Baba ya ce, "Ƙyale ta. Ta san tata ƙarya ce, shi ya sa ba ta cutar da ita."

Ƙauyen ba su da ruwa sai na tafki, wanda jakuna da awaki suke sha su yi fitsari a ciki. Tun yana Mushe yake ganin yaran ajinsa da tsargiya, suna fitsarin jini, da damina kuma gudawa ta kwashe ƙanana. Abu guda ya sa a gaba a meriya, rijiya. Ya yi ta zirga-zirga har ma'aikatan suka gaji da ganin fuskarsa, aka amince. Wanda ya san ƙasar Damagaram ya san abin da ke ƙarƙashinta. Aka haƙa nan aka tarar da dutse, aka koma can aka sake tarar da dutse. Baba yana tsaye a kan maginan cikin rana, yana kai musu fura daga gidansa, har Allah Ya sa aka dace a gindin wata tsamiya a bakin gari. Ruwa ya fito fari tas, aka ɗaure rijiyar da siminti.

A saman kabad ɗin Inna akwai wani ɗan bido, wato jarka, naɗe da farin ƙyalle. Zamzam ne da suka zo da shi daga aikin hajji, suka ajiye don a yayyafa wa likkafaninsu in ranar ta zo, kamar yadda tsofaffinmu suke yi. Ina shara a tsakar gida ranar da Baba ya sauko da shi.

"Alhaji, ina za ka da wannan?" in ji Inna.

"Rijiya zan kai wa."

"Na likkafaninmu ne fa, ni da kai."

"Hajiya, gawa ba ta jin ƙishirwa."

Inna ta ce, "To ka bari sai ranar buɗewa, a gaban mutane, liman ya yi addu'a."

"In na zuba a gaban mutane, ƙuri'a na zuba wa, ba Allah ba."

Ya kwana a ƙauyen. Da aka idar da sallar asuba ya tafi shi kaɗai, ya yi bismillah, ya juye zamzam ɗin a rijiya. Bai san Habu Mai Bidiyo yana dawowa daga bayan gari ba. Habu shi ne mai gidan kallon ƙauyen, wata rumfar zana da talabijin a ciki, inda maza suke cika kowace yamma. Ya laɓe bayan tsamiya ya ɗauki hoton Baba da salula: tsoho shi kaɗai, gari bai gama wayewa ba, yana kwance farin ƙyalle, yana motsa baki, yana zuba wani abu a ruwan mutane. Habu bai tsaya nan ba. Ya ɗora wa hoton kiɗan nan na fim mai sa gaba ya faɗi, wanda ake sakawa in mugu zai yi mugunta. Kafin a yi azahar ya shiga kowace salula a ƙauyen.

Dole in faɗi irin abin da ake kallo a rumfar Habu, don wanda bai sani ba ya gane. Fina-finan siyasa ne, kuma in ka ga ɗaya ka ga dukkansu. Za a nuna wani ƙato mai tumbi da babbar riga, yana dariya daga maƙogwaro, a baƙar mota mai baƙin gilashi. Zai je wurin boka a ba shi kwalba. Zai zuba a ruwan gari, kowa ya sha ya bi shi kamar tumaki ranar zaɓe. In ya gina wa mutane wani abu, akwai abin da ya binne a ƙarƙashi. In ya yi murmushi, kisa yake shiryawa. In ya rantse, ƙarya yake. Duk wanda ya tsaya masa shaida, an saye shi. A ƙarshe kuma dole ya mutu da gubar da ya haɗa da hannunsa, a yi kiɗa, a tashi. Wannan miyar ake ɗumamawa a ba magidanta kullum, masu gemu da jikoki, su buɗe baki su haɗiye, su fito suna girgiza kai suna cewa yanzu idonsu ya buɗe, sun san yadda ƙasa take tafiya.

Waɗannan ne suke yi wa mata dariya don suna karanta littafin soyayya. Ni na sha mafarkin Mustafa ya shigo mini da fure a hannu kamar samarin cikin littafi. Ya shigo da buhun gawayi, na karɓa na ce an gode, na hura wuta. Na san inda littafi ya ƙare, na san inda tsakar gida ta fara. Su kuwa da wayonsu duka ba su iya raba fuskar ɗan wasa da fuskar mutumin da ya koya musu rubuta sunansu ba.

Ban ce babu ɓarayi a siyasa ba. A ƙasar nan aka haife ni, ina da ido. Amma ɓarawon gaske ba ya zuwa bakin rijiya da asuba, ba ya dariya daga maƙogwaro, ba a kuma saka masa kiɗa. Baba ya taɓa faɗa wa Mustafa ina ji: "Fim ɗin nan ba ya tsorata ɓarawo, daɗi yake masa. Ranar da aka ce dukkanmu ɓarayi ne, babu wanda za a sake tambaya, shi kuwa ya huta."

Ranar Juma'a Baba ya tashi a masallacin ƙauyen bayan an sallame. Mustafa yana wurin, shi ya ba mu labari. Baba ya faɗa musu abin da ya zuba da dalilin da ya sa ya zuba shi kaɗai. Sannan ya juya ga Habu.

"Habu, ni na koya maka riƙon alli. Me na yi maka?"

"Mushe, ai ni ban ce komai ba. Hoto na ɗauka, hoto kuwa ba ya ƙarya."

"Kiɗan fa? Da makaɗa ka same ni a bakin rijiyar?"

Aka yi dariya, har Mustafa ya ɗauka magana ta mutu. Sai wani ya ɗaga murya daga sahun baya: "Haka na cikin fim ɗin ma ya ce da aka kama shi. Ya ce ruwan albarka ne." Dariyar ta tsaya. Liman ya tashi ya je ya ɗebi ruwan ya sha a gaban kowa, aka ce an saye shi. Ma'aikatan ruwa suka zo daga Damagaram suka gwada, suka ce ruwan lafiya lau, aka ce ai dama tare suke ci. Makiyaya masu wucewa, waɗanda Allah Ya tsare da rumfar Habu, suka yi ta sha suna shayar da shanunsu, babu abin da ya same su. Aka ce ai shanu ba su jefa ƙuri'a. Da lokacin zaɓe ya zagayo Baba ya ƙi sake tsayawa, don a ga ba ya neman komai wurin kowa. Aka ce don an gano shi ne. Duk ƙofar da ya bi, fim ya riga ya toshe ta.

Rijiya ga ta a bakin gari, mata suna wuce ta da tuluna suna tafiya tafki.

Wani zai yi fushi ya tattara ya bar musu ƙauyensu. Baba bai yi haka ba. Kowace ranar kasuwar ƙauyen yakan hau babur ya tafi, ya shimfiɗa buzunsa a gindin tsamiyar, ya zura guga da hannunsa, ya sha a gaban masu wucewa, ya yi alwala, ya yi salla a nan. Ba ya kiran kowa, ba ya wa'azi. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, yana nan. Likita ya ce tansiyonsa, wato jininsa, ya hau, ya daina tafiya cikin rana. Ya ce, "In na daina zuwa, za su ce na ji tsoron ruwana."

Mun taɓa bin sa ni da Inna lokacin girbin gyaɗa. Ina zaune nesa kaɗan da shi, sai ga wata mata mai suna Hajo, tulu a ka, goyo a baya, wani yaro ramamme yana riƙe da zanenta. Ta durƙusa ta gaishe shi, don ita ma ta yi ajinsa.

"Hajo, ga ruwa nan kusa," in ji Baba.

Ta dubi rijiyar, ta dubi ƙasa. "Mushe, maigidana ya ce kada ya ga ruwan nan a randarsa."

"To, kada ki saɓa masa. Amma ki tafasa na tafkin kafin ki ba yaran. Kin ji?"

"Na ji, Mushe."

Ta tashi ta kama hanyar tafki. Baba ya bi ta da ido har ta ɓace cikin karan gero. Ni kuwa da halina na saƙe-saƙen zuci, sai na ce masa wata rana duk garin nan za su zo su durƙusa a gabansa suna kuka suna neman gafara, shi kuma ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Har na ga abin a idona, da hasken yamma a kan tsamiyar. Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, wannan a littafinki ne. Ni dai su sha ruwan, ko da suna zagina."

A gindin tsamiyar nan ajali ya same shi. Ya sha, ya yi alwala, ya jingina da itacen. Wani makiyayi ya zo shayarwa ya yi masa sallama, bai amsa ba. Tsoho mai hawan jini ya yi tafiya cikin zafin rana, zuciyarsa ta tsaya, abin da ya faru ke nan. Amma masanan rumfar Habu sun samu ƙarshen fim ɗinsu, wanda suka daɗe suna jira. Mugu ya sha gubarsa. Na tabbata akwai wanda ya ji haushin ba a saka kiɗa ba.

Inna ba ta yi kururuwa ba. Da aka kira za a taso da gawar, ta karɓi salular ta ce a cika bido daga rijiyar a haɗo da shi, da ruwan za a yi masa wanka. Haka aka yi. Washegari kuma ta aiki Mustafa da mota ya ciko duk bidon da ke gidan.

Ranar sadakar uku ta faɗo Talata. Mutanen ƙauyen suka zo mota guda cike, mazan suka zauna a tabarmi a ƙofar gida, matan suka shigo ciki. Habu yana sahun gaba, ya sunkuyar da kai yana jan carbi kamar wanda ya rasa uba. Mijin Hajo yana kusa da shi. Suka yi ta yabon Mushe da bakin da suka ci namansa. Da aka shafa fatiha, Inna ta tashi da kayan takabarta ta tsaya a cikin zaure, inda za su ji ta ba tare da sun gan ta sosai ba. Ina bayanta. Mustafa ya jera kofuna a gabansu ya cika.

"Mutanen Mushe, sannunku da hanya, kun sha rana," in ji Inna. "Ga ruwa nan. Ba zan ɓoye muku ba, na rijiyarku ne. Da shi aka yi masa wanka, shi muke sha a gidan nan tun ranar da ya rasu, ni da ɗana da matar ɗana. Ga mu a tsaye. Mai jin ƙishirwa ya sha."

Babu hannun da ya motsa. Liman ya ɗauka ya sha, wani tsoho ya bi shi. Sauran suka shiga duban juna. Can mijin Hajo ya yi gyaran murya ya ce shi azumi yake. Na kusa da shi ma ya tuna azumi yake. Tunda nake ban taɓa ganin ranar Talatar da ta tara masu azumin nafila haka ba.

"Hajiya, ni ma da azumi na tashi," in ji Habu.

"Allah Ya karɓa, Habu," in ji Inna. "Ka tofar da goron tukuna."

Ta juya ta koma ciki.

A tsakar gida ni nake raba wa mata. Na faɗa musu abin da Inna ta faɗa wa mazansu. Wasu suka ajiye kofin a gefen tabarma, wasu suka kai baki suka yi kamar sun kurɓa. Da na zo kan Hajo ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana duban ruwan, har gindin kofin ana gani. Ta yi bismillah ta shanye. Ta miƙo na ƙara mata, ta ba yaron nan ramamme, ya sha yana haki. Wata ta taɓa ta ta ce, "Ke Hajo, in maigidanki ya ji fa?"

"Ai shi azumi yake," in ji Hajo. Ta goge bakin yaron da gefen mayafi, sai a lokacin hawaye ya zubo mata. "Ashe haka yake da daɗi. Ina wuce shi kullum."

Babu wanda ya durƙusa, babu wanda ya nemi gafara. Har yau hoton nan da kiɗansa yana yawo a salular mutane, yawancin garin kuma tafki suke zuwa. Amma Mustafa ya je duba gona kwanan baya, ya biya ta gindin tsamiya, ya tarar da igiyar guga a jiƙe. Hajo ce da wasu mata 'yan kaɗan. Suna zuwa ɗiba da yamma, daidai lokacin da mazan suke rumfar Habu idonsu yana buɗewa. Su cika randa, mazan su dawo su sha su yi hamdala. Wasu cikinsu har yanzu suna zaginsa, da ruwansa a cikinsu.

Inna ta ce in yafe wa Habu da mutanensa, don Baba ya yafe tun yana raye. Na ce mata ina ƙoƙari.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maka, Kai ne Ka ga abin da ya zuba da zuciyar da ya zuba da ita. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa. Ka shayar da shi daga tafkin AnnabinKa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shan da babu ƙishirwa a bayansa. Duk gugan da ya sauka a rijiyar nan, Ka kai ladansa gare shi. Ka ba Inna haƙuri da lafiya, Ka zama gatanta. Ka ƙarfafa Mustafa da 'yan'uwansa, Ka sa su gaji halinsa. Ka ba yaran ƙauyen nan lafiya, Ka tsare matan da suke ɗibar musu. Mu kuma da muka saura, Ka sa mu cika da imani. Amin.